Lochiel na 24: Shugaban Zuri'ar Cameron a Majalisar Birtaniya

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma. Yau zan kai ku tsaunukan arewacin Sikotilan, wurin wani mutum mai suna Donald Cameron, wanda aka haifa a 1835, ya rasu a 1905. Mutanensa ba sa kiransa da suna, sai dai su ce Lochiel, domin laƙabin duk wanda ya gaji shugabancin zuri'ar Cameron ke nan. Shi ne na 24 a jerin.

Kalmar da suke kiran zuri'a da ita a harshensu na Gelik, ma'anarta "'ya'ya". Ku riƙe wannan. Shugaba uba ne, jama'a 'ya'yansa ne, su fita yaƙi idan ya kira, shi kuma ya tsare musu wurin zama. Suna da wata kalma, dùthchas, wato imanin cewa ƙasar da kakanninka suka noma, kana da haƙƙin zama a kanta ko babu takarda.

A 1745 Lochiel na 19 ya fito da ɗaruruwan mayaƙa ya bi Yarima Charles Stuart wajen neman gadon sarautar Birtaniya. Aka murƙushe su a Culloden a watan Afrilun 1746. Sojojin gwamnati suka ƙona gidan zuri'ar da ke Achnacarry, aka ƙwace ƙasar, shi kuwa ya tsere Faransa da raunuka, can ya rasu a 1748. Majalisa ta soke ikon shari'a da shugabannin zuri'a suke gada. Sai a 1784 aka mayar wa gidan da ƙasarsu, to amma me aka mayar? Kadara ce mai takarda, da bashi a kanta. A farkon shekarun 1800 Lochiel na 22 ya tashi iyalai daga kwarurukan da ke kewaye da tafkin Arkaig, ya ba manyan makiyayan tumaki haya, saboda ulu ya fi mutum kawo kuɗi. Da yawansu suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada. Wannan Lochiel na 22 kakan mutumin namu ne.

Shi Donald a makarantar Harrow ta Ingila ya yi karatu, ya shiga aikin jakadanci, ya bi tawagar Lord Elgin zuwa ƙasar Sin a 1857, ya kuma yi aiki a Balin. Abin da nake yaba masa shi ne ya dawo gida. Ya zauna a Achnacarry cikin mutanensa, a zamanin da masu ƙasa da dama suka tare a Landan suna jiran a aiko musu kuɗin haya. A 1868 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar yankin Inverness a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya riƙe kujerar shekara 17. A 1873 Sarauniya Victoria ta ziyarce shi, suka shiga jirgi tare a tafkin Arkaig, ita da jinin mutumin da ya ɗauki takobi don ya tumɓuke gidansu.

To amma wa ya zaɓe shi? A lokacin, ƙuri'a a karkara ta mai dukiya ce. Ƙaramin manomi mai hayar ɗan fegi, wanda ake iya sallama idan shekara ta zagayo, ba shi da ita. Wato Lochiel yana magana da sunan yankin da akasarin mazaunansa ba a tambaye su ba.

A watan Afrilun 1882 tura ta kai bango. A wani wuri da ake kira Braes a tsibirin Skye, manoma suka ƙi biyan haya sai an mayar musu da makiyayar dutsen Ben Lee. Aka turo 'yan sanda kusan 50 daga Glasgow, maza da mata suka tare su da sanduna da duwatsu. A 1883 gwamnatin Firaminista Gladstone ta kafa kwamitin bincike na mutum shida ƙarƙashin Lord Napier, Lochiel yana ciki.

Nan nake so mu ɗan daɗe. A zaman farko, a Braes ɗin, mutumin da ya fara ba da shaida, Angus Stewart, kafin ya faɗi komai sai da ya nemi a ba shi tabbacin cewa mai ƙasa ko wakilinsa ba za su kore shi ba saboda abin da zai faɗa. Ku duba wannan hali. Talaka yana tsaye, a gabansa ga shugaban zuri'a a zaune, wanda a al'adar kakanninsu shi ne mafakar irinsa, amma yau yana cikin ajin waɗanda ake tsoro. Lochiel ya zauna, ya saurara, ya yi tambayoyi, wata da watanni, daga tsibiri zuwa tsibiri. Mutum sama da 700 suka yi magana. Ba zai ce bai ji ba.

Da rahoto ya fito a 1884, Napier ya ba da shawarar doka ta amince da ƙauye a matsayin jama'a guda mai haƙƙi a kan makiyayarta. Lochiel ya rubuta takardar rashin amincewa. A ganinsa, a bar masu ƙasa su yi sassauci da kansu. Ni dai a nan na rabu da shi. Ban ɗauke shi azzalumi ba, kuma na yarda yana tausayin mutanen. Amma abin da manoman suke nema haƙƙi ne, shi kuwa kyauta yake miƙawa, kuma kyautar da uba ya bayar, ɗa yana iya janyewa ranar da ya gaji gida. Su sun riga sun ga haka a zamanin kakansa.

A shekarar 1884 ɗin aka faɗaɗa 'yancin ƙuri'a har ya kai ga magidantan karkara. Lochiel bai tsaya zaɓen 1885 ba. Wanda ya ci kujerar shi ne Charles Fraser-Mackintosh, abokin zamansa a kwamitin, wanda ya tsaya da sunan manoma. A 1886 majalisa ta yi dokar da ta hana korar manomi muddin yana biyan haya, ta kafa hukumar da za ta yanke hayar adalci, ta ba shi ikon bar wa iyalinsa fegin. Sai dai ba ta mayar da kwarurukan da aka riga aka ba tumaki da barewar farauta ba.

A 1887 aka naɗa Lochiel wakilin Sarauniya a yankin Inverness, yana kan wannan muƙami har rasuwarsa. Nan zan tsaya, mai tambaya ya ɗaga hannu.