'Yar takardar da ke rakiyar hoton asibiti

Jama'a, barkanmu da war haka. A ƙauyukan Kano da Jigawa, idan ma'aikacin lafiya ya tura mutum babban asibiti ɗaukar hoto, yakan haɗa shi da 'yar takarda mai bayanin abin da ke damunsa. Da yawa sun ɗauka takardar shiga ce kawai, alhali da ita ake karanta hoton.

Hoton eksire inuwa ce: ƙashi fari, iska baƙa, tsoka da ruwa toka-toka. Cututtuka daban-daban kuwa sukan yi inuwa iri ɗaya. Farin tabo a saman huhu yana iya zama tarin tibi mai ci a yanzu, ko tabon wanda aka warke tuntuni, ko ƙurar da ta taru a ƙirjin mai fasa dutse. Likitan da zai duba, wataƙila yana Haɗeja ko Kano, bai taɓa ganinka ba. In an rubuta masa "tari sati uku, rama, gumin dare", ya san inda zai ƙura ido, zai kuma ce a gwada kaki. In "hoton ƙirji" kawai ya gani, sai lalube.

Haka ƙashi. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, gindin babban yatsa, da tsagewarsa kan ɓuya a hoton farko. Sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Wanda ya san ka faɗi daga babur ka dafa ƙasa da tafi ba zai yi saurin cewa lafiya lau ba. A yara ma akwai layin girma a ƙarshen ƙashi mai kama da karaya, shi ya sa ake rubuta shekaru.

Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2004 ya tattara binciken baya, ya nuna bayanin maras lafiya yakan ƙara daidaiton karatu. Sai dai gurguwar magana tana iya karkatar da idon likita, ya tsaya neman abin da aka faɗa masa. Don haka wasu kan fara duba hoton tukuna, sannan takardar.

To, Baba, in an fara zuwa wajen mai ɗori, a faɗa, ba faɗa za a yi ba. In an taɓa shan maganin tibi na wata shida, a faɗa, a zo da tsohon hoton. Iya, a cire laya da sarƙa, don suna fitowa a hoto. Mai juna biyu kuma ta sanar tun kafin ta shiga ɗakin.