Darasin Zane: Damin Furanni Don Amarya

Yaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ma daga tsakar gidanmu nan Argungu muke zuwa muku, ƙanwata ce riƙe da waya. Auta, matso da ita kan takardar su ga hannuna sosai. Yauwa, haka.

Damin furanni za mu zana da fensir mai launi, kyauta ce zan kai wa wata amarya ranar buɗar kai, kuma kowane fure da saƙon da yake ɗauke da shi. Mutanen Ingila sun yi wannan yayi sosai a shekarun 1800, zamanin Sarauniya Biktoriya, kowane fure da ma'anarsa, jan wardi shi ne na soyayya. Ni kuwa na fi son mu zana abin da idonmu ya saba da shi, wanda amarya na gani za ta ce, kai, wannan ai na fadamarmu ne. Huɗu na zaɓa: bado, furen auduga, zangarniyar shinkafa da lalle.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensir HB, kwalin fensir mai launi 12, reza, abin goge zane, sai takarda mai ɗan kauri. Ku shafa ta da yatsa, in kun ji ɗan kaushi-kaushi to ita ce. Mai santsi ba ta riƙe launi, ana hawa na biyu sai fensir ya fara zamewa.

Da HB ɗin na yi da'ira babba a tsakiya, na ɗan karkata ta hagu, wurin bado ke nan. Ƙanana biyu a dama na auduga. Shinkafa ta fito ta sama ta rusuno. Karan duka su haɗu wuri ɗaya a ƙasa, inda za a ɗaure. Da kun fitar da siffar, ku bi da abin gogewa a hankali har layin ya kusa ɓacewa, don baƙin fensir in ya haɗu da rawaya dauɗa yake yi.

To, bado. Duk wanda ya taɓa sammako ya bi gefen ruwa ta wajen Matan Fada ya san shi. Da dare yake buɗewa, in hantsi ya yi sosai ya rufe. Tushensa na cikin taɓo, amma furen ya fito fari tas, ko ɗigon laka babu. Abin da nake yi wa amarya fata ke nan, kowane irin zama ta tarar, zuciyarta ta fito fes.

Ku duba, ban ɗauki farin fensir ba. Farin takardar shi ne farin furen, inuwa kawai za mu sa. Na fiƙe shuɗi mai haske, na riƙe shi can nesa da baki don hannuna ya yi sauƙi, ina shafawa daga gindin kowane ganyen furen zuwa sama, kafin in kai rabi na ɗaga hannu. Inda wani ganye ya hau kan wani, nan nake ƙara ɗan shunayya kaɗan.

Auta: Yaya, ba baƙi ake sa wa inuwa ba?

Yaya: A'a ƙanwata, baƙi kashe fure yake yi. Ɗauko farin mayafin Inna ki duba lanƙwasarsa a rana, za ki ga inuwar shuɗi-shuɗi ce. Tsakiyar furen kuma rawaya ce, sai in bi gindin zaruruwan da ruwan goro. Yanzu ku ga abin da zai faru. Zan sa faffaɗan ganyen badon a bayansa, mai tsaga ɗaya ɗin nan. Kore mai haske tukuna, sannan mai duhu, sannan shuɗi a daidai inda ya taɓa furen. Kin gani? Farin ya taso ba tare da na taɓa shi ba.

Auta: Wallahi kamar a tsinko shi.

Yaya: Hawa uku ke nan, kuma har yanzu ban danna ba. Fensirin nan akwai kakin zuma ko mai a cikinsa, in kuka danna tun farko ƙofofin takardar sun toshe, ba abin da zai ƙara hawa. Dannawa sai a ƙarshe.

Auduga sutura ce, rufin asiri. Manoman Zamfara sun san halin furenta: ranar da ya buɗe fari ne mai ɗan rawaya, washegari ya koma ruwan hoda. Shi ya sa na yi biyu, na yau da na jiya, kusa da juna. Ganye biyar-biyar, suna naɗe da juna. Na ruwan hodan, ja nake shafawa sama-sama daga baki zuwa ciki, sannan a nan ne farin fensir yake da aiki: ku danna shi a kai, ya haɗe launin ya yi laushi.

Shinkafa arzikinmu ce a Kebbi, kuma zangarniya in ta cika sai ta sunkuyar da kai. Kada ku zana ta a miƙe. Kowace ƙwaya rawaya, gefe ɗaya ruwan ƙasa, kuma gefen ya zama ɗaya a dukansu, tunda haskenmu ta hagu yake zuwa.

Lalle ba ya son dogon aiki. Furensa ƙanana ne farare, a cunkushe, sai ƙamshi. Ku zagaye ɗigo-ɗigo da kore ku bar cikinsu fari, ku cike guraben da suka rage da su. Biki ke nan.

Da kaba zan ɗaure damin, zagaye uku da ƙulli. Ku sa wata takarda ƙarƙashin hannunku, garin fensir kuma ku hure shi, kada ku share da tafi. A bayan takardar zan rubuta mata sunan kowane fure da addu'arsa. Auta, ɗaga wayar sama kaɗan su ga damin gaba ɗaya.