Yadda Sojojin Amurka da na Rasha Suka Zauna a Sansani Ɗaya a Yamai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Mayun 2024 an ga wani abin mamaki a Yamai. A sansanin sojan sama mai lamba 101, wanda ke manne da filin jirgin saman Diori Hamani, sojojin Amurka na gefe guda suna haɗa komatsansu, sojojin Rasha kuma na ɗaya gefen suna sauke nasu. Kowa da rumfar jiragensa, ba mai shiga harkar wani. Ku tuna fa, a lokacin yaƙin Yukren na ci, da makaman Amurka ake luguden wuta a kan Rashawa. To me ya haɗa su a gida ɗaya?

Ku dubi taswirar yankin. Nijar na iyaka da ƙasashe 7: Aljeriya, Libiya, Chadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Wanda ya kafa sansani a Agadas, idonsa na kan kudancin Libiya, yana kan Tafkin Chadi, yana kan arewacin Mali. Shi ya sa Amurka ta narka sama da dala miliyan 100 ta gina sansani mai lamba 201 a can, jiragenta marasa matuƙa suka fara tashi a 2019. Ita kuwa Faransa, da aka fatattake ta daga Mali a 2022, Nijar ta zame mata mafaka, da sojoji kusan 1,500.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Faransa ta ce ba ta san da wannan gwamnati ba. ECOWAS ta yi barazanar turo soja, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka garƙame iyaka. Mutanen Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, ba sa buƙatar a ba su wannan labari. Manyan motoci sun yi jerin gwano, kayan gwari na ruɓewa a rana, dangi na can, dangi na nan. Matsin bai mayar da Bazoum kan kujera ba, sai ma ya tura Yamai jikin Bamako da Wagadugu, aka kafa AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, a watan Satumba. Kafin ƙarshen Disamba sojan Faransa na ƙarshe ya fice.

Amurka ta so bi a hankali. Sai a watan Oktoba ma ta yarda ta kira abin juyin mulki. A Maris 2024 ta turo tawagar da ta haɗa da jami'ar diflomasiyya Molly Phee da Janar Michael Langley, kwamandan sojojinta mai kula da Afirka a lokacin, suka nuna damuwa kan kusancin Nijar da Rasha da Iran. Ranar 16 ga watan, Kanar Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan Nijar, ya fito a talabijin ya soke yarjejeniyar soja da Amurka, yana zargin baƙin da raini da neman hana Nijar zaɓen abokanta. A Afrilu masu horar da soja daga Rasha suka sauka. Ranar 5 ga Agusta Amurkawa suka miƙa sansanin Agadas.

Da yawa suna ba da labarin a taƙaice: an kori Faransa, an kawo Rasha. Ni ban gamsu da haka ba, domin akwai waɗanda ake mantawa da su. Kamfanin CNPC na China ne ya shimfiɗa bututun mai kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin man Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, shi ne kuma ya ba gwamnatin sojan bashin dala miliyan 400 a Afrilun 2024, lokacin da aljihunta ya bushe. Duk da haka, a Maris 2025 Yamai ta kori manyan jami'an man China uku. Jirage marasa matuƙa na Bayraktar da sojojin Nijar ke amfani da su daga Turkiyya suka zo, tun zamanin Bazoum. Sojojin Italiya, ƙasar da ke cikin NATO, sun ci gaba da zama bayan tafiyar sauran. Sannan ga yuraniyom: an ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, bayan shekara guda aka mayar da mahaƙar Somaïr ta Arlit mallakin gwamnati. Ciniki Yamai ke yi da kowa, tana taya wannan, tana juya wa wancan baya. Su ma masu zuwan kowa da abin da ya kawo shi: wani ma'adinai, wani kasuwar makamai, wani tare hanyar bakin haure zuwa Turai, Rasha kuma tana neman ƙawaye tun da Turawan Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi.

Cewa ƙasa na da ikon zaɓen abokanta, wannan gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin mutanen Tillaberi. A Disambar 2019, jiragen Amurka na shawagi, Faransa na nan daram, aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Bayan wata guda aka kashe 89 a Chinagodar. Aka ce baƙin ba su tsinana komai ba, suka tafi, wasu suka zo. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin watan azumi, 'yan bindiga suka zagaye masallacin ƙauyen Fambita da ke Kokorou ana tsakiyar salla, suka kashe mutum 44, suka cinna wa kasuwa da gidaje wuta. Allah ya jiƙansu da rahama.