Wa Zai Ɗauki Nauyin Jami'a da Binciken da Ke Amfanar Kowa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, malamaina, abokan aiki, ɗalibai da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana a kan yadda ake samar wa manyan makarantu kuɗi, ni kuwa zan fi karkata ga ɓangaren da ba a cika tunawa da shi ba idan ana wannan muhawara, wato bincike. Duk lokacin da aka tayar da zancen jami'a a Najeriya, hankali yakan tafi ne ga albashin malamai da kuɗin rajistar ɗalibai, kuma dukkansu muhimmai ne. Amma jami'a tana da wani aiki wanda ɗalibi ba ya biya, ba kuma zai iya biya ba, shi ne nemo amsar matsalolin da suka addabi manomi da makiyayi da majinyaci. Matsayina shi ne wannan aiki nauyi ne a wuyan gwamnati, kuma kuɗinsa ya kamata ya riƙa zuwa a kai a kai ba tare da yankewa ba, domin a harkar bincike yankewar kuɗi ta fi ƙarancinsa ɓarna.

Mu fara da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya. An soma binciken aikin gona a can tun 1922, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan aka haɗe cibiyar da jami'ar. Abin da gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa yin manyan ayyukanta da shi a wancan zamani ya haɗa da rarar da hukumar cinikin amfanin gona take tarawa daga gyaɗa da auduga, saboda haka gumin manomi yana cikin tubalin ginin. A 1975 wata cuta da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, wadda ke tsugunar da gyaɗa ta hana ta 'ya'ya, ta cinye gonaki kusan hekta dubu 700 a arewacin ƙasar nan, ta zo kuma a kan gaɓar fari na farkon shekarun 1970. Aikin samar da irin gyaɗa mai jure wannan cuta, wanda kuma yake nuna da wuri, ya ci shekaru masu yawa. Ire-iren SAMNUT 21 da 22 da 23 sai a 2001 aka fitar da su ga manoma, SAMNUT 24 kuwa a 2011, tare da haɗin gwiwar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa. Ku lissafa tazarar da ke tsakanin annobar da waɗannan ire-ire, ku ga gwamnatoci nawa suka zo suka wuce a tsakani.

Abin da ke jawo wannan jinkiri yanayin aikin ne. Mai binciken iri yakan haɗa auren tsirrai biyu da hannunsa, ya ɗaura wa furen alama da zare, ya jira kaka. Ya shuka abin da ya samu, ya zaɓi 'yan ƙalilan daga cikin ɗaruruwa, ya sake shukawa, ya sake zaɓe, damina bayan damina, har halin da yake nema ya zauna daram a cikin irin. Bayan haka sai a gwada shi a wurare dabam-dabam, a ƙasa mai yashi da mai laka, sannan a gonakin manoma. Idan aka yi damina ɗaya babu kuɗin leburori ko na man motar zuwa gonar gwaji, ko ɗakin sanyi da ake adana iri ya mutu, to aikin shekara biyar yana iya komawa baya. Wannan ne ya sa nake cewa naira ɗari da ke zuwa kowace shekara a kan lokaci ta fi naira dubu da za ta zo sau ɗaya a yi shiru.

Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a ƙarshen 2019, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku, ya ci kimanin shekara goma ana gwaji. Manomin wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure da kwanso, wadda takan sa ya yi feshi sau shida zuwa takwas a damina, sabon irin kuwa an tsara shi ne don a rage feshin zuwa sau biyu. Na san akwai masu shakku a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar wannan wake, kuma suna da haƙƙin yin tambaya. Sai dai ita kanta wannan tambaya ba mai amsa mana ita da gaskiya sai masananmu, a ɗakunan gwajinmu, da kayan aikin da muka saya musu. Mafi yawan kuɗin wancan aiki daga waje ya zo, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, wadda ta fara karanta ƙwayar halittar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, duk sun miƙe ne da tallafin shirin Bankin Duniya. Mun gode wa masu taimako, amma mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, kuma ranar da hankalinsa ya koma wani wuri aikin yakan tsaya cak.

To, ina namu kuɗin yake? Babbar hanyar da muke da ita a yau ita ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma yana da kyau ɗalibai su san asalinsa. Ya fito ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a zamanin shugabancin Attahiru Jega, ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, wadda ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, inda aka ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe asusun ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha da na ilimi su raba ragowar. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zaga jami'o'inmu ya ga sunan asusun a jikin gine-gine, har ya kai ga mutum ya tambayi kansa a ina za a koyar da babu shi. Dubban malamai sun yi digiri na biyu da na uku da kuɗinsa.

Amma an kafa wannan asusu ne don ya zama ƙari a kan kasafin kuɗi, sai gwamnatoci, musamman na jihohi, suka mai da shi madadin kasafin. Gwamna zai kafa sabuwar jami'a, ya naɗa shugabanni, ya zuba ido TETFund ta gina masa. Yawan masu rabo yana ƙaruwa, abin da kowa ke samu yana ƙanƙancewa. Sannan gini shi ne abin da ɗan siyasa ke so, domin ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, alhali babu mai ƙaddamar da kwalbar sinadari ko gyaran na'ura.

Na ga ɗakin gwaje-gwaje a wata jami'a, sabo fil, an shimfiɗa masa tayil, a tsakiyarsa akwai na'urar miliyoyin naira lulluɓe da leda tun ranar da aka kawo ta, saboda ba a horar da ma'aikacin da zai sarrafa ta ba, kuma wutar da ke zuwa ba ta da ƙarfin ɗaukarta. A ɗakin da ke kusa, wata ɗaliba mai digiri na biyu ta tattara samfurin jini na watanni, ta sayi sinadaranta da kuɗin aljihunta, aka ɗauke wuta kwana uku, babu man janareto, firiza ta narke, samfurin ya lalace gaba ɗaya. Babu wani rahoton gwamnati da zai nuna wannan asara. Tun daga Afrilun 2024, da aka ɗaga farashin wutar rukunin farko, wato masu samun wuta mafi yawa, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, kuɗin wuta ya zama babban abin da ke cinye ɗan abin da jami'o'i ke tarawa.

Gwamnati ta san girman giɓin, domin kwamitin da ita kanta ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu ya zaga jami'o'i ya rubuta abin da ya gani. A kan rahotonsa aka yi alkawari a 2013 cewa za a zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. An ba da biliyan 200 na farko, abin da ya biyo baya kuwa bai taka kara ya karya ba. Rashin cika irin wannan alkawari yana cikin dalilan yajin aikin kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ana yawan ƙirga asarar ɗalibai a yajin aiki, ana mantawa da gwaje-gwajen da suka mutu da kuma matasan masana da suka tattara takardunsu suka bar ƙasar.

Yanzu an zo da bashin ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a 2023 aka sake ta a 2024. Ina maraba da duk abin da zai hana ɗan talaka barin karatu. Sai dai a gane iyakarsa. Bashi yana biyan kuɗin karatun mutum ɗaya, a kan zaton shi zai ci moriyar digirinsa ya biya. Wa za a bi bashin maganin cutar bushiya ta shanu, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta yi ta yaƙa tun kafuwarta a 1924, har aka ayyana kawar da ita daga duniya a 2011? Kowane makiyayi ya amfana, da wanda ya taɓa jin sunan Vom da wanda bai taɓa ji ba. Abin da amfaninsa ya game kowa, kuma ba a iya hana wanda bai biya ba cin moriyarsa, daga baitulmali ake biyansa. Shi ya sa malamai suka tayar da jijiyar wuya lokacin da ƙudurin gyaran haraji na 2024 ya zo da shawarar a daina ba TETFund kaso daga 2030, a mayar da shi ga asusun bashi, kuma a ganina sun yi daidai.

Ƙasashen Afirka sun sha ɗaukar alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, tun daga taron Legas na 1980, mu kuwa ba mu kusanci wannan ba. Masu cewa ƙasa ba ta da hali su tuna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da nake nema shi ne a keɓe wa bincike kaso tabbatacce a doka, a riƙa ba da shi na shekara uku zuwa biyar a jere, ya haɗa da kuɗin wuta da gyaran na'ura da albashin ma'aikatan ɗakin gwaji, a kuma raba shi ta hanyar gasa wadda masana za su tantance ba tare da sanayya ba. Kada a ba jiha lasisin sabuwar jami'a sai ta nuna ta riƙe wadda take da ita.

Mu ma da muke cikin jami'a akwai namu. Ana samun wanda zai karɓi kuɗin bincike ya rubuta rahoton da babu gwaji a bayansa, ana samun binciken da aka yi don ƙarin girma kawai, ya ƙare a kan kanta ƙura ta rufe shi. Duk shekara ya kamata kowace jami'a ta wallafa abin da ta karɓa, da wanda ta ba, da abin da ya fito daga ciki, kuma a fassara sakamakon da Hausa da Fulatanci da Kanuri a kai shi gidajen rediyo da hannun malaman gona. Ɗan majalisar da zai tsaya ya kare kasafin jami'a yana buƙatar mutanen mazaɓarsa su san abin da jami'ar ta yi musu, kuma mu ne ya wajaba mu je mu gaya musu.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.