Wai wannan ne Tekun Galili?

Salama, jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar da ke shiga makirufo, ita ce ma ta sa na kunna kyamara yau, amma bari in faro muku daga farko.

Ku duba bayana. Kun ga ruwan nan? Kun ga tuddan can ƙetare, har motocin da ke bin gindinsu ana hangowa? To wai wannan ne Tekun Galili. Teku fa! Da bas ɗinmu ta gangaro daga kan tudu ta nufo Tibariya na hango shi, sai da na tambayi na kusa da ni ko akwai wani babba a gaba. Tun ina makarantar Lahadi a Numan, in malama ta ce teku, abin da nake gani a raina ruwa ne marar iyaka, irin na Legas. Ashe tafki ne. Tsawonsa kilomita 21, faɗinsa 13 a inda ya fi faɗi, kuma ruwan daɗi ne, ana shansa. Luka ma da ya rubuta Bishararsa a harshen Girka tafki ya kira shi. Ni kuwa ɗan bakin Binuwai ne, a mahaɗarta da Gongola aka haife ni, na iya iyo kafin in iya rubuta sunana. Gaskiya na raina ruwan nan. Har a zuciyata na ce, a nan ne manyan masunta suka yi ta kururuwa za su hallaka?

Abin da ya fito da ni daga Haifa, inda nake karatu a nan Isra'ila, Goggona ce. Ta zo cikin ayarin masu ziyara daga gida, kwana biyu za su yi a Galili kafin su wuce Urushalima. Shekara biyu rabona da ita. Ta rungume ni, ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, ba sa ba ka abinci ne a nan?" Ta zo mini da daddawa, kuka, yaji da busasshen kifi, an naɗe a leda wajen biyar. Yadda ta wuce da su a filin jirgi, ita da Allahnta. In ta koma za ta fara sa JP, wato Jerusalem Pilgrim, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunanta, ni da nake zaune a ƙasar ko J ɗin ba ni da shi.

Zafi kuwa, kai! Wurin nan rami ne, ya yi ƙasa da bakin teku da mita 200 da 'yan kai. Wanda ya san Yola a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, sai dai wannan da gumi mai danƙo. Kada ku ce saboda zafi za ku sa gajeren wando. Ni na sa, a ƙofar Kafarnahum aka tsayar da ni, sai da Goggo ta ciro zani daga jakarta na ɗaura. Na biya shekel goma na shiga, na zaga garin Bitrus da zanin zumuntar mata a ƙuguna. Ba zan nuna muku wannan ba.

Kafin mu shiga jirgi sai aka kai mu gidan tarihi a Ginosar, nan ne raini na ya fara raguwa. Akwai wani tsohon kwale-kwale a ciki. A 1986 aka yi fari, ruwa ya ja baya, wasu 'yan'uwa biyu masunta na ƙauyen suka gano shi a binne cikin taɓo. Masana suka auna suka ce na wajajen zamanin Yesu ne. Ba wanda ya ce nasa ne ko na Bitrus, kada wani ya je ya ƙara gishiri a wa'azi. Tsawonsa mita takwas da ɗan ɗori, faɗinsa mita biyu da ɗan abu. Na tsaya a gabansa na daɗe. Katakon ya yi baƙi ƙirin, kuma faci ne a kan faci, itace aƙalla iri goma aka harhaɗa a jikinsa, duk abin da mai shi ya samu sai ya liƙa. Na san irin wannan jirgi. Kakana yana da ɗan'uwansa, kullum da gwangwanin kwalfe ruwa a ciki. Na lissafa mutum goma sha uku a cikin wannan abu, da taru, da dare, ba fitila, ba rigar ruwa. Markus ya ce Yesu yana can baya yana barci a kan matashi. Na duba bayan jirgin, ko tabarmar kirki ba za ta shimfiɗu ba. Barcin nan ba na jin daɗi ba ne, na wanda ya wuni yana koyarwa ne har jiki ya ƙi.

Muka shiga namu jirgin, babba ne na katako, da inji da rumfa. Masu jirgin suka ɗaga tutar Najeriya suka sa taken ƙasa, ni da nake zagin gwamnati kullum a waya sai ga ƙwalla. Mata suka ɗauki waƙa da Hausa, ana tafi, Baba Fasto ya buɗe Matiyu sura 14, inda Yesu da Bitrus suka taka kan ruwa, zai karanta. Ruwa lumui kamar man gyaɗa a faranti. Wajen ƙarfe uku da rabi, ba hadari, ba gajimare ko ɗaya, iska ta sauko. Saukowa ta yi, daga wancan kwarin da ke gindin dutsen Arbel, kun gan shi can mai kama da an datse shi da wuƙa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya ce mini haka take yi musu da rani: iska mai sanyi daga Bahar Rum ta biyo kwaruruka ta faɗo cikin ramin nan mai zafi, cikin 'yan mintoci ruwa ya birkice. Da hunturu kuma akwai wadda ke zuwa daga gabas, ta kan tuddan Golan, ita ta fi muni. Ya ce wannan ta yau ba komai ba ce, wasa ne.

Wasan nan ya kwashe hular Baba Fasto. Shafukan Littafi suka yi ta faɗa da hannunsa. Ruwa ya watso mana har cikin rumfa, waƙa ta mutu a tsakiyar baiti. Ni kuma, ɗan Binuwai, gwanin iyo, sai na tsinci hannayena biyu sun ƙanƙame ƙarfen benci har jijiya ta fito. Kogi yana da hanya, ka san inda zai kai ka, ka bi shi a karkace ka fita. Wannan ta ko'ina yake dukanka, gajerun raƙuman ruwa masu zuwa a jere ba hutu. Ga gaɓa ina gani da idona, amma da an ce in faɗa in kai can, ba zan yarda ba.

A nan Goggo ta matso kunnena, tana riƙe da ɗankwalinta, ta ce, "Kai da kake dariyar Bitrus, sauka mana."

Ta tuna. Ina ɗan shekara goma sha biyu na taɓa cewa a gaban kowa a gida Bitrus matsoraci ne, in ni ne da na taka har wurin Yesu na dawo. An yi dariya ranar. Yau ban yi dariya ba. Ku karanta labarin a hankali: almajiran sun baro gaɓa tun yamma, Yesu bai zo musu ba sai tsakanin ƙarfe uku na dare da asuba, Yahaya ya ce sun yi tuƙin wajen kilomita biyar ko shida kawai a duk tsawon lokacin nan. Hannu ya mutu, ido bai ga barci ba. Cikin wannan hali mutum ɗaya ya ce, in kai ne, ka ce in zo. Aka ce zo, ya ɗaga ƙafa ya ƙetare gefen jirgi. Mu masu wa'azi da masu sauraro mun riƙe inda aka ce masa mai ƙarancin bangaskiya, mun bar sha ɗayan da suka zauna a busasshen wuri ba wanda ya ce musu komai. Ni a ganina da a tsawata mini a tsakiyar ruwa hannun Ubangiji yana riƙe da ni, gara haka da in zauna a benci lafiya lau. Ina faɗa ne fa, hannuna yana kan benci.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai yau: Bitrus ya iya iyo. A Yahaya sura 21 shi ne ya faɗa ruwa daga nisan kamu ɗari biyu ya nufi gaɓa. Amma a daren nan da ya fara nutsewa bai ce bari in gwada hannuna ba, ihu ya yi a cece shi. Masunci, a gaban abokan sana'arsa. Wanda ya tashi a bakin kogi ya san girman wannan kunya.

Da muka sauka aka kai mu cin abinci, wai kifin Bitrus. Jama'a, karfasa ce. Karfasar da yara ke kamawa da ƙugiya a bayan gidanmu, an soya ta da kanta da idonta, an ɗora yankan lemun tsami da soyayyen dankali, shekel casa'in da biyar. Ban juya shi zuwa naira ba don kada abincin ya tsaya mini a wuya. Goggo ta buɗe bakin nata da cokali ta leƙa, ta ce tana neman kuɗin da Bitrus ya samu a bakin nasa, ko za su biya rabin farantin. Ba ta samu ba. Ta ciro yajinta ta barbaɗa wa duk teburin, har wani bature na gefe ya roƙa, ya yi ta tari. In kun zo, ku ci sau ɗaya don labari, sauran kwanakin ku nemi falafel a bakin titi.

Muna cikin ci ta tambaye ni, ba ta ko ɗago kai ba, "Ina kake sujada a can?" Na ce ai Goggo a ƙasar nan Lahadi ranar aiki ce, ranar ake komawa aji, masu bi da yawa Asabar suke taruwa. Wannan gaskiya ne. Ta ce, "To Asabar ɗin, ina kake zuwa?" Na sa hannu ina cire ƙaya daga kifin da ba sauran ƙaya. Wata biyar ke nan ban taka ƙofar majami'a ba. Ba wanda ya hana ni. Barci ne, da wanki, da cewa mako mai zuwa. Ina zaune a ƙasar da mutanenmu ke tara kuɗi shekara da shekaru don su gani na mako guda, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tsakanina da Nazarat.

Kalmar nan almajiri da Littafinmu na Hausa ya ba mabiyan Yesu, mu mun san nauyinta fiye da wanda ya karanta da Turanci. Almajiri a wurinmu yaro ne da ya bar gidan ubansa ya bi malam, inda malam ya kwana nan zai kwana. 'Ya'yan Zabadi ma ba don ba su da abin yi suka bi ba, Markus ya ce sun bar ubansu a jirgi tare da 'yan ƙwadago, wato sana'a ce mai ɗaukar ma'aikata. Ni ma na bar gidan ubana, na ƙetare ruwa fiye da nasu, sai dai takardar tallafin karatu na biyo.

Yanzu inda nake tsaye Tabga ne. Wannan ƙaramar majami'ar ta baƙin dutse an gina ta a 1933, a cikinta akwai wani falalen dutse da ake cewa a kansa Yesu ya shirya wa almajirai karin kumallo bayan tashinsa. Ku dubi tsakuwar bakin ruwan, baƙa ce, tana ƙona tafin ƙafa. Yahaya ya ce wutar gawayi suka tarar, da kifi a kai, da gurasa. Wuri ɗaya kawai ya sake ambatar wutar gawayi, a farfajiyar babban firist, daren da Bitrus yake jin ɗumi yana cewa bai san mutumin ba. Kun san ƙanshin gawayi ba ya barin hanci. Ni in na ji shi a ko'ina, gidanmu nake gani da asuba. Aka zaunar da shi a gaban ƙanshin nan, aka bari ya ci ya ƙoshi tukuna, sannan aka tambaye shi sau uku ko yana ƙauna. Goggo sau biyu ta tambaye ni, ta kuma bari sai da na ci rabin kifin. Ta ukun nake jira, har yanzu ba ta yi ba, tana can ta tattare zani ta shiga ruwa zuwa idon sawu tana cika gora, wai za ta kai wa matan zumunta.

Au, wani kashedi kafin in manta. In kun zo da kanku ba cikin ayari ba, kada ku kuskura ku yi wasa da yammacin Juma'a. Yawancin bas-bas na haya suna tsayawa kafin rana ta faɗi, sai daren Asabar. Ya taɓa cin ni sau ɗaya, kuɗin tasin da na biya ya isa cefanen mako biyu. Yau Alhamis, ina da sauran lokaci, amma batir ya nuna ja. Ga Goggo can tana ɗaga mini hannu, gorar ta cika, ni zan ɗauka. Akwai wani ɗan Ghana a ajinmu da ya daɗe yana ce mini in bi shi taronsu na Asabar, lambarsa tana cikin wayar nan da ke shirin mutuwa, bari in kashe.