Yadda za ku ce wa Bash "duka, ban da wannan"

Ku dubi wannan folda. Akwai hoto1.jpg, hoto2.jpg, rahoto.pdf, lissafi.txt da tsoho.zip. So muke mu share komai, mu bar hotunan kaɗai, ta amfani da Bash, manhajar da ke karɓar umarnin da muke rubuta wa kwamfuta.

Da yawa sukan fara da baka mai kusurwa, su rubuta [!j]*, inda tauraro (*) yake tsaya wa kowane jerin haruffa, ko da fanko ne. Alamar motsin ran nan tana nufin "ban da", gaskiya ne, amma harafi ɗaya tak take ƙi. Abin da kuka ce wa Bash shi ne ya kawo duk sunan da bai fara da j ba. Hotunanmu kuwa da h suka fara, ashe har da su za a share. Wasu sukan rubuta [^j], Bash ya yarda da shi, amma POSIX, ƙa'idar bai ɗaya ta irin waɗannan manhajoji, alamar motsin rai kawai ta tabbatar, don haka ni ita nake riƙewa.

In sunan ne gaba ɗaya kuke son ƙi, sai kun kunna wani tsari da Bash ya aro daga ksh, wata manhaja irinsa. Ku rubuta shopt -s extglob a layinsa shi kaɗai, ku danna Enter, domin Bash yana karanta layi duka kafin ya aiwatar da shi. Yanzu !(*.jpg) na nufin komai ban da hotunan. Kuna son rahoton ma ya tsira? Ku raba su da sandar tsaye: !(*.jpg|*.pdf). In kuka sauya alamar motsin rai da @, magana ta juya, waɗannan nau'o'i biyun kawai za a zaɓo.

Ga inda nake so ku nutsu sosai. Kada ku fitar da tauraron waje, ku rubuta *!(.jpg). A ido daidai yake, amma ba ya tsame ko hoto ɗaya. Tauraron zai haɗiye hoto1.jpg ɗungurungum, abin da ya rage wa bakan fanko ne, fanko kuwa ba .jpg ba ne, sai sunan ya dace. Da rm, umarnin share fayil, ne a gaba, hotunan sun tafi, kuma rm ba shi da kwandon shara.

Shi ya sa nake roƙonku ku fara da echo, umarnin da ke nuna sunayen a allo kawai ba tare da share komai ba. Ga shi: echo !(*.jpg). Allo ya nuna lissafi.txt, rahoto.pdf, tsoho.zip. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Yanzu ku danna kibiyar sama, ku goge echo, ku sa rm.