Saƙon murya ya ƙi buɗewa a rediyo: canja masa suna ba ya mai da shi MP3

Assalamu alaikum jama'a, daga nan Garwa.

Tun da azumi ya kama tambaya ɗaya ake ta turo mini: an aiko wa Baba tafsiri ta WhatsApp, na kwafa masa a memori, rediyonsa ya ƙi karantawa. Ana cikin haka sai ga wani bidiyo yana yawo a guruf-guruf, har Marwa da Kusiri, wai ka goge opus, wato tsarin da WhatsApp ke ajiye saƙon murya da shi, a ƙarshen sunan fayil ka rubuta mp3, shi ke nan an gama. Kada in yi muku ƙarya, ni ma na taɓa yi. Kawuna ne ya dawo mini da memorin har gida, da tsakar rana, cikin zafin nan namu. Bai ce mini komai ba, miƙo mini kawai ya yi.

Ga fayil ɗin. Ya fara da PTT, sai kwanan wata, sai WA da lamba, ƙarshensa opus. Yana cikin jakar WhatsApp Voice Notes, ku bi yatsana. Idan a kwamfuta ba ku ganin wutsiyar sunan, Windows ce ta ɓoye ta, ku shiga Affichage ku kunna ta.

Yanzu ku duba abin da mutumin bidiyon ya yi. Renommer, wato canja suna. Ya goge, ya rubuta mp3. Ya danna a wayarsa, murya ta fito. To a nan ne kowa ya ruɗe, kuma ba na ganin laifin kowa, domin da kunnenka ka ji ya yi.

Dalili shi ne, yawancin manhajojin sauti na wayar Android ba su damu da sunan ba. Buɗe fayil ɗin suke yi su leƙa ciki, su ga Opus ne, su karanta shi a matsayin Opus. Tun kafin ka canja sunan ma suna iya karanta shi. Rediyon Baba kuwa, da ƙananan sifikun nan na kasuwa, da yawansu MP3 kaɗai suka iya, wasu da WAV ko WMA. Ya ga sunan, ya yi murna, ya buɗe, ya tarar da abin da bai sani ba. Sai ya tsallake zuwa na gaba, ko ya yi shiru.

Kamar ka ɗauki buhun gero ne ka rubuta shinkafa a jikinsa. Mai dako zai ɗauka, mai girki ce za ta gane.

Ga shaida. Na buɗe wanda aka canja wa sunan da Bloc-notes, manhajar rubutu ta Windows. Ku manta da tarkacen nan, ku dubi farkon layi. OggS. Gaba kaɗan, OpusHead. Sunan waje ya ce mp3, cikin yana nan yadda yake. MP3 na gaske sau da yawa da ID3 yake farawa, ga shi a gefe ku kwatanta.

Kuma Opus ba lalataccen abu ba ne, ni a ganina ya ma fi. A 2012 aka tabbatar da tsarinsa, an yi shi ne don ya ɗauki murya da ƙaramin nauyi, shi ya sa saƙo ke wucewa ko da sabis na jan ƙafa. MP3 tsoho ne, injiniyoyin Fraunhofer na Jamus ne kan gaba wajen haɗa shi, tun 1995 yake ɗauke da wannan suna. Tsufan nan ne ya sa kowace na'ura ta san shi.

Abin da ake buƙata tafinta ne: manhaja ta saurari Opus ɗin, ta sake rubuta shi cikin harshen MP3, sabon fayil daban. Manhajar VLC ta kwamfuta, mai alamar mazubi ruwan lemo, kyauta ce, kuma ba ta cin data wajen wannan aikin. Média, Convertir / Enregistrer, Ajouter, zaɓi saƙon. Wajen Profil ɗauki Audio - MP3. Parcourir, ba shi sabon suna, ka tabbatar ƙarshensa mp3 ne, kada ka ɗora shi kan na asali. Démarrer. Ba za ka ji komai ba, layin ƙasa ne kawai zai ruga. Bai lalace ba, aiki yake yi.

Ta yaya za ka san ya juyu? Dubi nauyi. Wanda aka canja wa suna nauyinsa bai motsa ba ko kaɗan. Wanda aka juya ya ninka sau da yawa, domin MP3 a ma'aunin inganci na 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti ɗaya. Tafsirin rabin awa, kusan mega 30 ke nan. Kada ka ce bari in kai shi 320 don murya ta ƙara kyau. Abin da Opus ya zubar tun lokacin ɗauka ya tafi, memori kawai za ka cika.

Wanda ba shi da kwamfuta, akwai shafukan intanet masu juyawa, suna yi. Karatu ko waƙa, ba komai. Amma saƙon iyali, maganar gado ko ta aure, ni dai ba zan loda wa mutanen da ban sani ba. Gara ka je wajen yaran nan masu tura waƙoƙi a kasuwa, ka tsaya a kansu su juya maka da VLC, su goge nasu kwafin kana gani.

Idan an juya kuma rediyo ya ƙi, to memorin ne. Wanda ya wuce giga 32 yakan zo da tsarin exFAT, ƙananan rediyo kuwa FAT32 suka sani. A nemi ƙaramin memori, ko a yi wa wannan fomat, amma a kwashe komai tukuna, fomat ba ya barin ko hoto ɗaya.

Ga memorin, ga rediyon Kawu, na aro shi na yau kawai. Bari in yi shiru ku ji.